Kyamarar kakanmu mai ido biyu: in sayar ko in ajiye?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Muna kwashe kayan marigayi kakanmu sai na ci karo da wata baƙar kyamara cikin adaka, naɗe da tsohon rawani. Ido biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya, an rubuta Rolleiflex a goshinta. Wani ya taya dubu talatin. In sallama?

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka kuskura! Ƙirar Jamus ce, tun 1929 aka fara yin irinta. Idon sama na dubawa ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Daidai cibiya ake riƙe ta, ka sunkuya ka leƙa ta sama, sai ka ga dama ta koma hagu. Ranar da na fara riƙe irinta sai da na yi ta juye-juye kamar mai neman allura. Fim mai lamba 120 take ci, hoto 12 kacal, shi ya sa ba ma latsawa sai mun tabbata. Malick Sidibé, shahararren mai ɗaukar hoto na Bamako, shi ma ya yi aiki da irinta.

Sarkin Gwanjo: Baba ya yi gaskiya, amma masu tara irin waɗannan lafiyar kaya suke bi. Haska gilashin da tocila. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, ya yi fumfuna, kuɗinta ya faɗi. Duba lambar jikinta, ita ke nuna shekarunta.

Ɗan Fagge: Na gode, Baba. Gilashin garau yake. Hajiya ma ta ce da ita aka ɗauki hoton aurenta, don haka kyamarar nan ba inda za ta.