Furfurar mulki, da sunan da dangi ke kiran mai riƙe da shi

Malamin Firamare, Ringim:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu. Me ke sa shugabanni saurin tsufa a kan mulki? Marigayi Buhari ya hau a 2015 yana da shekara 72, amma wanda ya gan shi a 2023 ya san ba nauyin shekara takwas kaɗai ya sauka da shi ba. Sannan tunda kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, su danginsa na jini da wane suna ya dace su kira shi?

Dattijon Gezawa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni ina ganin sau da yawa mulki ba ya kawo ciwo, tono wanda ke kwance yake yi, domin mai fama da rashin barci da tafiye-tafiye da koke-koken jama'a ba ya samun hutun da jiki ke nema. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau a 2007 da lalurarsa, aka kai shi Jidda a Nuwamban 2009, ya rasu a Mayun 2010 yana da shekara 58 kacal. Shi ma Buhari ya yi wata da watanni yana jinya a Landan a 2017. Amma kada a manta Sarkin Kano Ado Bayero ya riƙe sarauta daga 1963 zuwa 2014, kuma sannu a hankali girma ya zo masa, wataƙila saboda sarki ba ya kwana da fargabar zaɓe.

Goggon Yara, Kazaure:
Baba Dattijo ya gama da na farko, bari in taɓa na biyu. A gidan Bahaushe matsayi ake bi, ba shekaru ko kujera ba. Ƙanin uba baffa ne, ɗan'uwan uwa kawu ne, 'yar'uwar uba kuma goggo ce, ko da kai ka goye su. Alhaji Mamman Daura, wanda aka haifa a 1939, ya girmi Buhari da shekara uku, amma ɗan yayansa ne, don haka a lissafin zumunci Buhari baffansa ne. Ga kuma alkunya: jaririn da aka sa wa sunan kakansa Abba ko Babangida za a riƙa ce masa, yarinya kuma Ummi, domin iyaye ba sa iya kama sunan nasu iyayen. Baban da 'yan siyasa ke faɗa a filin taro daban yake, na girmamawa ne, wani lokaci ma na neman kusanci.

Manomin Rani, Kura:
Haka ne, Goggo, sai dai sarauta takan ci sunan zumunci a bainar jama'a. Ranar da aka naɗa dagaci, yayansa ma "ranka ya daɗe" zai ce a ƙofar fada, sai an shiga cikin gida yake komawa ƙani. Mahaifiyarsa kuwa, idan ɗan fari ne, ba za ta ambaci sunan ba ko kafin naɗi ko bayansa.