Musayar Waƙa: Raina na Bushewa

Ɗan kabu-kabu:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Amsa-amonmu "wa". Mai magani ya ba ni da waƙa.

Tun asuba nake bisa hanya,
Tasha, kasuwa, har Zariya,
Jika biyu ba ta cika tukunya,
Ga mai moto yana ƙirgawa.

Lahadi in shiga majami'a,
Baki na bin waƙar jama'a,
Zuci na can wajen sana'a,
Wa'azin duk yana wucewa.

Da dare in na buɗe Littafi,
Barci ya zo ya fi ni ƙarfi,
Shin gajiya ce ko kuwa laifi?
Ku faɗa min, raina na bushewa.

Shugaban matasa:
Ɗan'uwa, tashi ka ɗaura ɗamara,
Addu'ar dare ita za ta gyara,
Daren Juma'a nan za mu fara,
Tuna Gatsemani da masu gyangyaɗawa.

Mama mai ƙuli-ƙuli:
Ɗana shugaba, ka yi haƙuri, wannan karon ban bi ka ba. Yaron nan ya gaji ne. Buɗe 1 Sarakuna 19.

Iliya ya gudu cikin jeji,
Ya roƙi mutuwa gun Ubangiji,
Wane faɗa ka ga ya ji?
Barci ya yi, babu mai tsawa.

Mala'ika ya zo da gurasa,
Da tulun ruwa kusa da kansa,
Sau biyu ya taɓa jikinsa,
Ya ce ya ci, tafiya na zuwa.

Muryar nan 'yar siririya ta Ubangiji kuwa sai a dutsen Horeb ya ji ta, bayan tafiyar kwana 40. Abinci da barci ne suka riga ta.

Ni ma a gaban kaskon suya,
Hayaƙi a ido, gumi a wuya,
Zabura 23 ke cikin zuciya,
Ina murza tunkuza ina rerawa.

Baba daga Tsibiri:
Ku saurari tsoho. Farkon shekarun 1980 gonakinmu sun yi fayau, iska na binne shuka, itacen da aka dasa duk yana mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostireliya, ya lura nan ƙasar Maraɗi cewa kututturan da muke sare wa tsiro kowace shekara saiwarsu na da rai. Abin da muke kira sassabin zamani ke nan.

Kututture a ido matacce,
Saiwa na can ƙasa a kwance,
Tsiro barkatai duk a karkace,
Sai ka rage, ka bar masu miƙewa.

Ɗana, saiwarka ba ta mutu ba,
Da ta mutu da ba ka yi kuka ba,
Rassa ne suka yi yawa, duba,
Wasu na bari, wasu na sarewa.

Wayar da kake dannawa har tsakar dare, ni da ita zan fara.

Shugaban matasa:
Na duba Markus 6:31. Lalle Yesu ya ce wa almajirai su keɓe su ɗan huta, don ko damar cin abinci ba su samu ba.

Mama da Baba, na ji batunku,
Nassi ma na goyon bayanku,
Amma addu'ar dare, ina roƙonku,
Kada ta zam abin mantawa.

Ɗan kabu-kabu:
In abokaina sun tsaya salla,
Zan kashe moto, in bar bin dala,
Gindin bedi in gana da Allah,
Aya guda ta isa taunawa.

Shugaba, Juma'a zan zo, amma ƙarfe 12 na yi zan koma gida. Baba, waya za ta kwana a aljihun riga.

Mama mai ƙuli-ƙuli:
Ran Laraba addu'a na gidana,
Ka zo da matarka da jikana,
Tuwon hatsi na kan murhuna,
Sai an ci sannan a yi durƙusawa.