Me ya sa ƙwallon kaɗanyar da na shuka ya ƙi tsirowa?

Mai Gandu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin itatuwan daji. A gonar da muka gada akwai tsofaffin kaɗanyu uku, ɗaya ta riga ta bushe, kuma babu wata ƙarama da ke tasowa a bayansu. Bara na tara ƙwallaye na shanya su sosai, na adana har damina ta kama, sannan na shuka su a leda, amma ko ɗaya bai fito ba. Shin gaskiya ne abin da dattawa ke faɗa, cewa kaɗanya ba ta shukuwa da hannun mutum?

Ma'aikacin Gandun Daji:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kaɗanya tana shukuwa, shanyar da ka yi ce ta kashe irin. Ƙwallonta ba ya jure bushewa kamar irin ɗorawa ko na tsamiya, yana rasa ransa cikin 'yan makonni bayan ya faɗo, don haka sai a tsinci nunannen ɗa a ƙarƙashin uwar, a cire naman, a binne shi a cikin kwanakin nan. Wanda ake sayarwa don yin mai kuwa galibi an riga an dafa shi, ba zai taɓa tsirowa ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a tata da ke ruɗar mutane. Saiwa ce take fara nutsewa can ƙasa, kuma tsiron yakan ɗauki makonni masu yawa kafin ya leƙo waje, ta yadda mai shuka zai fid da rai alhali itacen yana aikinsa a ɓoye. Saboda tsawon wannan saiwa, dashe daga leda yakan wahalar da ita, shi ya sa na fi son a binne ƙwallo biyu ko uku a ramin da ake so ta zauna, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Uwar Marayu:
Malam, ka yi niyya mai kyau, Allah ya cika maka buri. Mu mata mu muka san darajar itacen nan, domin da man kaɗe ake girki, ake shafe jiki lokacin hunturu, ake gasa wa jariri jiki, ake haɗa sabulu, a da ma har fitila ake kunnawa da shi. Aikinsa ba ƙarami ba ne: a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sannan a yi ta bugun ƙullun da ruwa har man ya taso sama. 'Ya'yan kuma suna nuna ne a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake sare ta don gawayi da turmi, itacen da sai ya shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara haihuwa.

Ma'aikacin Gandun Daji:
Gaskiya ne, Hajiya, kuma wannan jinkiri ne ya sa na fi ba da ƙarfi ga wata hanya. Malam, kafin sassabe ka zaga gonar da kyau, domin da wuya a rasa ƙananan kaɗanyu da garma ko wuta ke datsewa kowace shekara, alhali saiwarsu ta daɗe da kafuwa. Ka zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi ka bar shi, ka rage sauran. Idan ya yi kauri, a yanko reshe daga uwar da aka san tana ba da 'ya'ya masu yawa a aura masa, wannan aure yana rage shekarun jira ƙwarai. Tsofaffin biyu da suka rage kuma ka duba ko kauci ya kama su, ka sare duk reshen da ya hau, don yana cikin abubuwan da ke busar da kaɗanya.

Mai Gandu:
Allah ya saka muku da alheri. Akwai wasu 'yan tsirrai a bakin iyaka da nake sarewa duk shekara ban taɓa duba ganyensu ba, gobe in sha Allah zan je in gani ko su ne.