Me za mu kira "subculture" da Hausa?

1/ Ɗalibanmu na nazarin halayyar zamantakewa suna yawan rubuta "ƙaramar al'ada". Ban gamsu ba, domin ba a kan girma ko ƙanƙanta ake magana ba.

2/ A 1955 masanin halayyar zamantakewa Albert Cohen ya duba yaran talakawan Amurka. Makaranta tana auna su da mizanin 'ya'yan masu hali: ladabi, iya magana, haƙurin jiran sakamako. Da suka ga ba za su kai ba, sai suka haɗa kai suka kifar da mizanin. Abin da malami ya kira abin kunya, shi ne abin yabo a tsakaninsu. A nan ma'anar kalmar take: suna cikin al'umma, amma sun ware da nasu dokokin samun girma.

3/ Wani malami ya ce mu ce "daba" kawai. Daba ta dace da irin gungu 1,313 da Frederic Thrasher ya ƙirga a Chicago a 1927, ta dace da 'yan kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi. Amma duba samari 12 da Paul Willis ya bi a wata sakandare a tsakiyar Ingila, ya wallafa bincikensa a 1977. Makaminsu shi ne shewa, gudun aji, da raina masu ƙwazo, waɗanda suke wa laƙabi da 'yan kunne saboda sauraron malami. Sun riga sun yanke cewa ma'aikatar da ubanninsu suke leburanci can za su ƙare, to karatun me? Kiran irin wannan yaro ɗan daba zalunci ne, kuma sunan yakan bi yaro har ya zama gaskiya.

4/ "Ƙin boko" ma a ajiye shi. Wannan tarihin iyayen da suka hana 'ya'yansu shiga ne. Yaran Willis kuwa suna cikin makaranta.

5/ Shawarata: AL'ADAR TSAGI. Mun saba cewa tsagin wane a jam'iyya, wato yana ciki amma ya ja nasa layi. Sai mu ce "al'adar tsagin masu bijire wa makaranta", ko "al'adar tsagin 'yan daba". Kalmar ba ta zagi kowa ba, har 'yan ƙwallo da mawaƙa za ta ɗauka.

6/ 'Yan uwa na Damagaram da Maradi, ku da kuka karanta fannin da Faransanci, tsagi yana shiga kunnenku, ko kuna da wadda ta fi ta?