Abin da hannu ya ƙera zai iya jin ciwo? Tambaya kan shirin Humans

Mai ɗinki, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya karɓo mini wani shiri mai dogon zango na Ingila a wajen masu tura fim, sunansa Humans, da fassarar Faransanci. In na rufe keke da daddare nake kallo, kuma ya hana ni sakat.

Duniyar shirin irin tamu ce, sai dai ana sayar da mutum-mutumi a shago. Siffarsu ta ɗan Adam sak, idanunsu ne kawai kore shar, da dare kuma su jona jikinsu a wuta. Wani magidanci, Joe, ya sayo ɗaya ba tare da ya shawarci matarsa Laura ba, aka sa mata suna Anita. Ita ke girki, wanki, rainon autar gidan. Ashe Anita tana cikin 'yan kaɗan da wani masani, David Elster, ya ƙera da sanin kai. Sunanta na asali Mia, sace ta aka yi, aka danne mata tunani, aka sake sayarwa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai 'yar uwarta ce, Niska, da aka kai gidan karuwai. Tana ji, tana sane da komai, amma dole ta yi kamar ƙarfe don kada a gane ta. Tana da ikon kashe jin ciwon a jikinta, ta ƙi kashewa.

To masana, wannan abu zai yiwu kuwa? Kuma in wata rana abin da aka ƙera ya ce mana “ina jin ciwo”, mu kuma ba mu da hanyar leƙa cikinsa, akwai haƙƙinsa a kanmu?

Malamin lissafi, Marwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Na kalle shi duka. An fara shi a 2015, aka tsaya a 2018 bayan zango 3, kuma an ɗauko shi ne daga wani shirin ƙasar Suwidin na 2012.

Ki fara riƙe wannan: tausayin da kika ji, fuskar mutum ce ta jawo shi. Gemma Chan ce ta fito a Anita, mace mai jini da tsoka. Na'urorin da muke da su yau, har da masu hira da mutum a waya, lissafi suke yi: an ɗura musu rubutun mutane mai ɗimbin yawa, sai su riƙa zaɓo kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. In ɗaya ta rubuto miki cewa tana baƙin ciki, mutane ne suka rubuta haka sau ba adadi, ita kuma ta kwaikwaya.

Mu ne ke saurin ruɗuwa. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya haɗa wata manhaja mai suna ELIZA a Amurka. Ba abin da take yi sai juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya, amma duk da haka mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu. A 2022 kuma wani injiniyan Google, Blake Lemoine, ya fito ya ce manhajarsu LaMDA ta san kanta. Kamfanin ya ce babu hujja, daga baya ya sallame shi. Kin tuna mutum-mutumin nan Sophia da Saudiyya ta ba takardar zama 'yar ƙasa a 2017? Ita ma haka.

Tambayarki ta biyu ce mai wuya. Masanin lissafi Alan Turing ya kawo gwajinsa a 1950: in kana hira a rubuce ba ka iya bambance na'ura da mutum, to ta ci. Amma wannan gwajin iya magana yake aunawa. Jin ciwo kuwa, har yau ba wanda ya ƙera ma'auninsa.

Dattijo, Kusiri

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Jikana ne ya nuna mini shirin can Njamena, ban kuma ƙarasa shi ba. Ruhi dai al'amarin Ubangiji ne, an faɗa mana a Suratul Isra'i, aya ta 85, kuma an ce ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Saboda haka ni ban yarda ɗan Adam zai hura rai a roba ba.

Sai dai ba ni da sha'awar in ga yaro yana zagin abu mai siffar mutum, ko da babu kowa a ciki, domin bakin da ya saba da zagi ba ya tambayar wa ke gabansa. Kun san hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Kyanwa ba ta yi mata bayani ba, amma an kama ta da laifi.

Ni a shirin, wani tsoho mai suna George ne ya taɓa ni. Ciwo ya tafi masa da tunani, matarsa ta rasu, tsohon mutum-mutuminsa Odi ne kaɗai ke tuna zamansu. Hukuma na son karɓe Odi ta ba shi sabuwa, shi kuma yana ɓoye shi a cikin gida. Odi bai san kansa ba a lokacin, George ma ya sani, amma bai iya rabuwa da shi ba. Duk wanda ya binne abokiyar zamansa zai gane wannan.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundere

Baba, Malam, ku yi mini haƙuri, ni ban ga na'ura a shirin nan ba ko kaɗan.

Ina da shekara 11 aka ɗauko ni daga ƙauye aka kawo ni wani gida aikatau. Ba a dukana, gaskiya, kuma ba a hana ni abinci. Amma ana hirar gida a gabana kamar ba na wurin, har asirin da ba za a faɗa gaban maƙwabta ba. Ni ke fara tashi, ni ke ƙarshen kwanciya. Yarinyar gidan a bayana ta girma, in ta yi kuka ni take nema, uwar kuma ta riƙa jin haushina a kan haka. Da na ga Laura tana hararar Anita saboda autarta Sophie ta fi son Anita ta karanta mata labari, sai da na tsayar da wayar na ɗan zauna. Wannan hararar na san ta.

Abin da shirin ya kama daidai shi ne murmushin. Anita tana murmushi ko an yabe ta ko an ci mata mutunci, su kuma mutanen gidan suna ɗauka lafiya lau take. Ni ma haka nake yi, don in na ɓata fuska za a ce na fara girman kai a mayar da ni. A duk zamana can ba wanda ya taɓa tambayata me nake so in zama. Wata maƙwabciya ce, malamar makaranta, ta lura ina karanta rubutun jikin kwali, ta tsaya kai da fata har aka sa ni ajin yamma.

Saboda haka Yaya, tambayarki ta biyu ba sai an jira Turawa sun ƙera komai ba. A Garwa, a Marwa, a nan Ngaundere, gida nawa ne ke da yarinyar da ake kira da “ke” kawai? Ita ba ma sai an nemo ma'auni ba, bakinta za a tambaya.

Malamin lissafi, Marwa

Ƙanwata, ba ni da abin cewa a kan wannan sai Allah ya saka wa malamar nan. Ina dai nan a kan bakana game da na'ura, don ina ganin ɗalibaina suna kai damuwarsu wajen manhajar hira, suna cewa ta fi kowa fahimtarsu. Wannan yana damuna ƙwarai.

Mai ɗinki, Garwa

Na gode muku duka. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ƙanwata, maganarki ta shige ni. Akwai yara mata biyu da ke koyon ɗinki a shagona, ɗaya tana kwana a gidana tunda iyayenta na nesa. Jiya bayan magariba na zaunar da ita muka yi hira sosai. Ashe ɗinkin maza take so ta koya, manyan riguna da aikin wuya, ni kuma kullum ina ba ta kalmasa da guga. Na yi magana da wani tela a layinmu, zai riƙa karɓarta ranar Asabar.

Malam, na shiga zango na biyu, inda Niska ta dawo da ƙafarta ta ce a yi mata shari'a kamar mutum a kan wani mutum da ta kashe, Laura kuma ta tsaya mata. Don Allah kada kowa ya faɗa mini yadda aka ƙare.