Adakar takardun kakanmu a Damagaram: ta ina za a fara?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Malamai, shawara nake nema. An buɗe wata adakar ƙarfe ta kakanmu a Damagaram. Rabinta warƙoƙin Larabci ne da ajami marasa ɗinki, wasu cikin gafaka, wasu a zube. Sauran na Faransanci ne tun zamanin Nasara: ɗan littafin soja, takardun lanho (haraji), da wasu sirara kamar ɓawon albasa masu rubutun tafireta. Gara ta ci gefe guda, ga warin fumfuna. Wasu 'yan'uwa sun ce a kai shago a manne su cikin leda da injin zafi, wasu sun ce a raba kowa ya ɗauki nasa don tabarruki. Me ya kamata a fara yi? Kuma ina ake samun bayanin aikin sojansa?

Mai Gafaka:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara hana zancen ledar nan. Zafin injin yana haura digiri 100, gam ɗin ya shige cikin jikin takardar, kuma ba a ɓare shi har abada. Salatif ma haka: bayan 'yan shekaru ledarsa ta faɗi, gam ya bar tabo ruwan ƙasa a kan rubutu. Inda ya yage a bar shi a yage tukuna.

Kafin ka ciro komai, ɗauki hoton adakar yadda aka same ta. Sannan ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka riƙa fito da su ɗauri-ɗauri. Kowane ɗauri ka ba shi lamba, kowace warƙa ka sa mata tata da fensir mai laushi a kusurwar da babu rubutu: 3/1, 3/2, haka. Ban da biro. Kada ka ce bari in ware na Larabci gefe, na Faransanci gefe kafin ka gama sa lamba. Wasiƙar ajami da aka samu a naɗe cikin takardar lanho mai shekara, wannan maƙwabtakar ce kaɗai za ta gaya maka zamaninta, da ka raba su shaidar ta tafi.

Masu fumfuna ka baza su ɗai-ɗai a ɗaki mai iska kwana biyu ko uku, ba cikin rana ba. In sun bushe ka share da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a waje, da takunkumi a hanci. Ruwa kada ya kusance su. Tawadar gawayi da ƙaro narkewa take nan take, shunayyar tawadar hatimin ofis kuma zuba take. Maganin feshi da kananzir su ma a'a.

Gara ba a cikin adaka take zaune ba, daga ƙasa take hawowa. Ɗora adakar kan abin ƙarfe, aƙalla santimita 15 daga daɓe, nesa da bango, ka riƙa duba ƙafafun ko ta fara gini. Wanda ke zaune a ciki shi ne ƙwaro mai huda ƙananan ramuka. In ka ɗaga ɗauri ka ga sabon gari a ƙarƙashinsa, yana da rai. Maganinsa sanyi: a ɗaure cikin leda biyu, a matse iska, a sa a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifiri, mako guda. Fil da ƙusar maƙale takarda da suka yi tsatsa, a buɗe ƙafafunsu ta baya a zare, ba fizga ba.

Malama Tarihi:
Ni na Faransancin zan taɓa. Ɗan'uwa, littafin sojan nan shi ne mabuɗi. Nemi abu uku a shafin farko: lambar da ke gaban kalmar *matricule*, shekarar da ke gaban *classe*, da wurin da aka ɗauke shi. Da suna kaɗai ba ka zuwa ko'ina, don Mahamane da Moussa sun cika rajista. Kuma ka kwafi sunan harafi-harafi yadda magatakarda ya rubuta, ko da kuskure ne. Su Usman Ousmane ne a wurinsu, Yusufu Issoufou, Ciroma Tchiroma, Tasawa Tessaoua, Damagaram kuwa Zinder. Sau da yawa sunan uba ko na ƙauye ne ya zama suna na biyu. In ka ga *tirailleur sénégalais*, wato sojan Senegal, kada ka ce an yi kuskure, haka ake kiran sojan Afirka ta Yamma ko daga ina ya fito.

Fayil ɗin sojojin da suka fito daga ƙasashen da Faransa ta mallaka yana garin Pau a Faransa, a cibiyar adana takardun sojoji da ake kira CAPM. Takardar da za ka roƙa sunanta *état signalétique et des services*, ita ke jera ranar shiga, bataliya, wuraren da aka kai shi da ranar sallama. Rubuta musu da Faransanci, ka haɗa hoton shafin farko, shaidar rasuwarsa da abin da ke nuna dangantakarku. In an kama shi a yaƙin 1940, bayanan fursunoni suna garin Caen a Faransa, kuma yawancin sojojin Afirka a sansanonin cikin Faransa Jamusawa suka tsare su, ba a Jamus ba.

Takarda marar kwanan wata, dubi kanta. *Territoire militaire du Niger* kafin 1922 ne. *Colonie du Niger* daga 1922. Bayan 1946 kalmar *Territoire* ta dawo. *République du Niger* ta fara tun 18 ga Disamba 1958, saboda haka ganinta ba ya nufin bayan 'yancin 1960. Rasit mai CFA ba zai riga Disamba 1945 ba. Damagaram ce hedikwata har 1926 da aka koma Yamai, shi ya sa hatimin Zinder a tsohuwar takarda zai iya zama na gwamna, ba na kumandan ba kawai.

Hattara da *né vers*, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Ƙiyasi ne, wani lokaci da ido aka yi shi ranar ɗaukar soja. *Jugement supplétif*, mai tsayawa madadin takardar haihuwa, shi ma hukuncin kotu ne da aka yi daga baya bisa maganar shaidu. In takardu biyu sun saɓa da shekara huɗu ko biyar, ba lallai mutum biyu ba ne.

In gidanku na sarauta ne ko na alƙalanci, akwai abin nema a gidan adana takardu na ƙasa a Yamai, inda rahotannin rangadi da bayanan sarakunan kanto suke. Na gwamna-janar na AOF, wato Afirka ta Yamma ta Faransa, sun zauna a Dakar, rahotannin lokaci-lokaci a jerin 2G, akwai kuma kwafinsu na maikurofim (hotunan takardu a kan fim) a Aix-en-Provence ta Faransa. Talaka dai ba kasafai sunansa ke fitowa a can ba sai ta hanyar shari'a ko haraji.

Alaramma Na Gabas:
Allah ya saka wa Malama. Warƙoƙin da ke zube ba su ɓace ba matuƙar gindinsu na nan. Dubi ƙasan bayan kowace warƙa ta hagu, za ka ga kalma ɗaya ita kaɗai. Ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da ita ake jera littafi ko mutum bai san abin da ke ciki ba. Sai dai kalma irin "ƙala" ko "wa" tana maimaituwa, don haka a haɗa da girman takarda, yawan layuka da hannun marubuci. A yi jerin a kan hotuna tukuna, lambar fensir tana nan yadda Mai Gafaka ya ce.

Warƙar ƙarshe ta fi kowace daraja, inda aka ce "tammat", wato ya ƙare, don nan marubuci kan sa sunansa, wanda ya rubuta wa, wani lokaci da shekara. Shekarar kuma da ramzi take zuwa, wato haruffa masu tsayawa madadin lambobi, kuma lissafin Magariba ake bi, ba na Gabas ba. A na Magariba harafin shinun 1000 ne, a na Gabas 300. Misali شرفا: shinun 1000, ra 200, fa 80, alif 1, ya ba da 1281. Wanda ya yi da lissafin Gabas zai samu 581, ya ce littafin ya shekara ɗari takwas. Don komawa miladiyya ninka da 0.97 ka ƙara 622, ya faɗa 1864 zuwa 1865. Ka tuna kuma shekarar na iya zama ta wallafa, mai kwafi ya kwafo ta tare da matanin.

Ɗaga warƙa ga hasken taga. In ka ga jinjirin wata uku a jere, ko fuskar wata cikin garkuwa, tare da haruffan AG, takardar arewacin Italiya ce, ta gidan Galvani, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus. Tana nuna ƙarni na 19 ko farkon na 20, ba ta tsayar da shekara. Mai karantawa kuma ya san fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, in ba haka ba sunayen mutane za su juye. Inda tawada ta yi ja-ja har ta huda takarda, mai ƙarfe ce, danshi ke ƙara mata ci, a sa farar takarda tsakani a rage juya ta. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami (MARA) na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai aikinsu ke nan, suna riƙe da rubuce-rubuce wajen 4,000.

Injiniya:
Gyara kaɗan kan firiza. In wuta na ɗaukewa, a bar shi. Narkewa da sake daskarewa raɓa yake tarawa cikin leda, ga tawada mai narkewa. In an samu tsayayyar wuta, bayan an fito da ɗaurin kada a kwance sai ya kwana ɗaya ya dawo zafin ɗaki. Mai danshi kuma ba a rufe shi a leda ko kaɗan.

Hoto: waya ta isa in an kafa ta a sama daidai, ba a hannu ba, da hasken taga, ba filashi. Sa rula a gefe, ɗauki gaba da baya ko bayan fari ne, sunan hoton ya zama lambar fensir. Siraran nan na tafireta a sa farar takarda a ƙarƙashinsu, rubutun zai fito. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, don hoton kai tsaye matse shi yake har wasulan ajami su dushe. Kwafi uku, ɗaya a wani gida.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Saura masu son a raba, don ba za su haƙura ba.

Malama Tarihi:
To a raba hotuna, kowane ɗaki a buga masa kwafi. In dole sai an raba na asali, a raba littafi-littafi bayan an gama jeri, kada a raba warƙa-warƙa. Littafin soja da duk takardar da ke ɗauke da lambarsa su zauna hannu ɗaya. A rubuta takarda mai nuna ɗauri kaza yana wurin wane, kowa ya sa hannu, a ajiye ɗaya cikin adakar.