Maƙwabciyata Bayahudiya ta gayyace ni Idin Ƙetarewa, in je?

Maman Hanif: Salam 'yan uwa. Ina zaune a Prestwich, nan Manchester. Dattijuwar da ke riƙe min yaro idan na makara ta gayyace ni cin abincin daren Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitar Annabi Musa da mutanensa daga Masar. Na gaya mata ba na shan giya, ta ce ruwan inabi zalla za ta zuba min. Kaza za a ci. In je? Kuma me zan riƙa? Ba na son shiga hannu rabbana.

Ɗan Damagaram: Hajiya ki kula, kofi huɗu na giya suke sha a daren nan.

Maman Hanif: Malam, ka sake karantawa mana.

Ummi Leeds: Ki je, amma kada ki kai burodi ko cincin. Kwana takwas ba sa barin abu mai yisti a gida, sai wata busasshiyar waina, matza. Ki kai fure ko lemon zaƙi.

Yaya Talatu: Ni kam na ƙoshi. Ina ɗaliba na yi aikatau a wani gidan Yahudawa a Golders Green, can Landan. Ba sa haɗa nama da madara, tukwanen nama daban, na madara daban, har wurin wanke-wanke biyu ne. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi min bayani. Rannan na juya miyar nama da cokalin da aka dama madara. Matar ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta yi ma ya fi min. Ta ɗauke tukunyar, ta zauna ta yi tagumi. Ƙarshen mako aka sallame ni, ga kuɗin haya ya taso. Wata biyu ina kwana a falon ƙawata.

Ummi Leeds: Allah sarki Yaya. Amma ita baƙuwa ce, ba kicin za ta shiga ba.

Yaya Talatu: Ke da kika zo shekaranjiya za ki gaya min?

Abu Sadiq: Ayar Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, kuma su yanka suke yi da wuƙa, su jiƙa naman su barbaɗe shi da gishiri don jini ya fita. Malaminmu ya ce a ci.

Ɗan Damagaram: Namu ya ce sai ka ji an ambaci sunan Allah a kan kowace dabba. Kuma zama a teburin da ake shan giya fa?

Baban Gida: Ni abin da ya raba mu, ba sa cin tarwaɗa saboda ba ta da ɓawo, ba sa cin raƙumi. Ɗan Damagaram, ba za ka kai labari ba a gidan nan.

Abu Sadiq: Tsada dai. Fam 18 na sayi kazarsu guda.

Ummi Leeds: An yanke ka. Fam 11 na saya.

Baban Gida: Ku bar ta su. Mahaucinmu na halal ya karɓi fam 250 na ragon layya, sai ran uku ga Sallah ya kawo min, ba kai ba ƙafafu.

Yaya Talatu: Kai ma? Ni ko hanta ban gani ba.

Maman Hanif: Jama'a, jibi ne fa. Furen ko lemon?